Ɗan Rawuya a Madadin Obura

Kwana uku ke nan ana ruwa a Uyoma, ƙasa ta jiƙa har tana ƙamshi, amma a gidan marigayi Ragwar babu wanda ya taɓa ƙwaryar iri in ban da tsohuwa, matar marigayin. Maƙwabta kan fita tun da sassafe, su dawo ƙafafu duk taɓo. Ɗanta Owiti kuwa yana zaune a ƙofar ɗakinsa yana gyaran ƙotar fartanyar da ba shi da ikon sara ƙasa da ita.

Ba ƙyuya ba ce. A nan shuka bi da bi ake yin ta, kamar yadda aka zo duniya. Uwa ta fara zuba irinta, sai babban ɗa ya buɗe gonarsa, sannan mai bi masa. Wanda ya tsallake yayansa ya ja wa gida ciwon nan na rama, mai fara cin yara kafin ya waiwayi manya. Owiti ƙane ne. Yayansa Obura, wanda aka kwashe su tare shekara uku da suka wuce don su yi wa sojan Ingilishi dako, bai dawo ba, ba a kuma kawo labarin mutuwarsa ba. Tun daga lokacin gonakin 'yan'uwan biyu suke kwance, ciyawa ta kai ƙugu. Mutum tara ke ci daga ɗan fegin tsohuwa, ga shi bara fari ya yi, mura mai kisa ta biyo bayansa. Yaran gidan sun daina ma kukan yunwa, abin da ya fi kukan tayar da hankali.

Matar Obura, wadda kowa ke kira 'Yar Alego da sunan garinsu, ta zo wucewa da tulu a ka, ta tsaya.

"Kai da ka ɗauko wa Bature duniya a ka, yau fartanya ce ta gagare ka?"

"Fartanya lafiyarta lau, Yaya."

"To ni ce ba lafiya." Ta sauke tulun, wasan ya bar fuskarta. "Wata biyu da dawowarka, Owiti, ko sau ɗaya ba ka dubi idona ba. Ni dai ka faɗa mini, matar aure ce ni ko mai takaba? Ko wanne ne zan iya ɗauka. Tsakiyar nan ce ke kashe ni."

Ya ci gaba da kankare ƙotar da ta riga ta yi sumul. Ta jira har ta gaji, ta ɗauki tulunta.

Abin da bai faɗa wa kowa ba yana nan daram a ƙirjinsa. Can kudu ne, a ƙasar da Jamus ke mulka, bayan sun haye wani kogi mai suna Rufiji. Atuni ya kama Obura, kwana shida yana tafe yana zubar da jini, da akwati a kansa. A rana ta bakwai ƙafafu suka ƙi. Shugaban 'yan dako ya sa aka ɗora akwatin a kan Owiti bisa nasa, ya ce wanda ya tsaya ya tsaya. Owiti ya jingina yayansa da gindin wani itace, ya ajiye masa goran ruwa da guntun rogo gasasshe. Obura ya ɗago kai, har da ɗan murmushi, ya ce, "Yi gaba, ƙanena. In na huta zan biyo ku." Idonsa biyu, muryarsa garau. Owiti ya yi gaba. Bayan kwana goma aka buɗe akwatin a gabansa, sai ga takalman dawaki na ƙarfe, alhali dawakin rundunar ƙudan tsando ya gama da su tun watan jiya. Abin da ya zaɓa ya ɗauka ke nan ya bar ɗan'uwansa, kuma kunyar wannan ba ta taɓa sakinsa ba, ko da yana barci.

Da hantsi Baffa Ongoro, ƙanen mahaifinsu, ya iso da dattawa biyu. Aka shimfiɗa fatu a gindin itacen tsakar gida. Tsohuwa, uwar Obura, ta zauna a gefe tana tsintar dawa a faifai, kamar maganar ba da ita za a yi ba.

Baffa Ongoro ba ya shiga magana ta ƙofa, sai ya zagaya.

"Ɗana, har yau ban gane ba. Wannan yaƙi da ya cinye mana samari, me ya haddasa shi? Shanu aka kora?"

"Ba shanu ba ne, Baffa."

"To mace ce?"

"Wani kuku ya ba mu labari a sansani. Wai ɗan wani sarki aka harbe, shi da matarsa, a cikin mota, a wani gari da ko Turawan da ke tare da mu ba su taɓa zuwa ba. Dangin mamacin suna da abokan rantsuwa, mutanen wanda ya yi harbin su ma suna da nasu. Kowa ya sha alwashin in an taɓa abokinsa an taɓa shi. Wannan ya jawo wancan, wancan ya jawo na bayansa, har igiyar ta iso kan Ingilishi da Jamus."

"Mu kuma da wa muka yi rantsuwa?"

"Mu ba a tambaye mu ba."

Ɗaya daga cikin dattawan ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. "A ce mutum biyu sun mutu, a rasa dattijon da zai zauna a yanka sa a raba gardama? Ashe Turawan nan ba su da manya."

"Shi ɗan sarkin," in ji Baffa Ongoro, "an samu gawarsa?"

"An samu. Wai har da ganguna aka binne shi."

"To ka gani. Shi ya huta, danginsa sun yi shuka." Ya gyara zama, ya ajiye sandarsa a gabansa. "Mu zo kan tamu. Ka san al'ada. Wanda ya mutu a nesa ba a ga gawarsa ba, ɗan itacen rawuya ake tsinkowa a binne a madadinsa, a yi masa kuka, matarsa ta yi takaba ta fita, layin shuka ya wuce kan ƙanensa. Amma ba a binne wa mai rai rawuya. Wanda aka yi wa haka, ko ya dawo da ƙafafunsa, ƙofar gidan ubansa ta haramta gare shi har abada. Sai dai a fasa masa shinge ta baya ya sunkuyo kamar akuya, kuma sunansa ba ya komawa cikin masu rai yadda yake a da. Shi ya sa ba ma yi sai da shaidar ido. Ran da ka dawo ka ce mana kun rabu a hanya, muka ƙyale ka don ka huta. Yau ruwa ba zai ƙyale mu ba. Kwana biyar ya rage, in ya wuce, shukar bana ta wuce. Owiti, ka ga gawar yayanka da idonka, ko ba ka gani ba?"

Tsohuwa ta ci gaba da tsintar dawa a faifai. Owiti ya duba ƙofar ɗakin 'Yar Alego. 'Ya'yanta mata biyu na zaune a dokin ƙofa, wuyansu ya yi siriri, gashinsu ya yi ja. Ya san idan ya faɗi gaskiya, dattawan nan za su tashi su kaɗe fatunsu, su ce a ƙara jira, kuma ba duka yaran za su ga wata damina ba. Ya kuma san idan ya yi ƙarya, shi da bakinsa zai rufe wa Obura ƙofa, bayan ya riga ya bar shi sau ɗaya a gindin itace. Mutum nawa ne suka tashi daga irin wannan gindin itacen? Kaɗan ne ƙwarai. Amma ya ga wasu sun tashi, shi ne abin.

"Na gani," in ji shi.

"Da idonka?"

"Da idona. A bakin Rufiji. Ni na rufe masa ido."

'Yar Alego ta ɗora hannu a ka, ta saki kukan da ta riƙe shekara uku. Tsohuwa ba ta yi kuka ba. Ta ɗago kai ta dubi ɗanta, kallo mai tsawo irin wanda take yi masa yana yaro idan ya ce ba shi ya sha nonon ƙwarya ba. Sannan ta mayar da idonta kan faifai.

Washegari aka tsinko ɗan rawuya daga bakin tafki, dogo mai nauyi, ya kusa kai tsawon hannun mutum. Aka naɗe shi a fatar sa, aka haƙa kabari a gefen ɗakin Obura daidai tsawon Obura, don ba a rage wa mutum kabari saboda gawarsa ta ƙanƙance. Owiti ne ya shiga ramin ya karɓe shi. Da ya ji nauyinsa a hannu sai ya tuna ko wannan nauyin na jikin yayansa bai ɗauka ba, ya tsaya a ramin har sai da aka miƙa masa hannu ya fito. Mutane suka ce ƙauna ce. Aka yi kuka, aka busa ƙaho, aka koro shanun dangi suka zagaya gidan. Saboda ruwa ba ya jira, dattawa suka gajarta kwanakin zaman makoki, suka yi wa 'Yar Alego abin da ake yi na fita takaba, ta zuba irin farko a gonar mijinta.

A rana ta biyar Owiti ya sara gonarsa. Ƙasar da ta huta shekara uku ta karɓi iri kamar da ma jira take, cikin mako guda dawa ta tsiro layi layi. Ya kamata ya yi murna, kuma ya yi, ba zai ce bai yi ba. Sai dai gonar tana bakin hanyar Kisumu, kuma har lokacin 'yan dako ba su gama dawowa ba. Jefi-jefi sai a ga ɗaya ya ɓullo, ƙashi da fata, da bargon soja a kafaɗa, wani ma an shekara da cire rai da shi. Duk sanda Owiti ya hango mai bargo daga nesa sai ya daskare da fartanya a sama. Rabin zuciyarsa na roƙon ya zama Obura ne, rabi na roƙon kada ya zama shi, kuma wannan rabin na biyu ya fi komai ƙona masa rai.

Ran nan da la'asar ya ɗauki adda ya zagaya bayan ɗakin Obura, inda shingen aguwa ya yi kauri. Ya shiga sara. Farin ruwan aguwar na ɗiga a hannunsa yana yi masa zafi, bai kula ba, har ya buɗe kafa daidai wucewar mutum a sunkuye.

Kwana biyu ba a yi ba awakin maƙwabta suka gano ta, suka shigo suka yi wa shanyar rogo ɓarna. 'Yar Alego ta bi su da tsumagiya tana faɗa.

"Wane mara aikin yi ne ya fasa mana shinge? Owiti, ka zo ka toshe wannan abu tun ban haukace ba."

"Zan toshe, Yaya."

Bai toshe ba. Ya samo reshen ƙaya ɗaya mara nauyi ya jingina a bakin kafar, irin wanda zai hana akuya amma ko marar lafiya zai iya ture shi da hannu ɗaya. Kullum da safe kafin ya tafi gona sai ya leƙa ya duba ƙasar wurin, ko akwai sawu.

A nan tsohuwa ta same shi wata safiya, yana tsugune. Bai ji zuwanta ba sai da inuwarta ta faɗo kan reshen. Ya miƙe da sauri, bakinsa ya fara haɗa wata magana a kan awaki.

"Bar shi," in ji ta.

Ta dafa sandarta, ta daɗe tana duban kafar, ta dubi hanyar da ta miƙe bayanta zuwa kudu. Can ƙasa dawar gonakin biyu ta kai gwiwa, jikokinta na ciki suna korar tsuntsaye, ana jin dariyarsu har nan.

"Da ruwa ka bar yayanka?" ta tambaya, ba ta dube shi ba.

 Owiti ya ce, "Da ruwa, Inna. Da rogo."

Ta gyaɗa kai a hankali. Ba ta ce ya yi daidai ba, ba ta ce ya yi laifi ba. Ta miƙa sandarta ta auna faɗin kafar daga wannan gefe zuwa wancan, sannan ta ɗaga ta ta gwada a kafaɗunsa.

"Da jikinka ka auna," ta ce. "Ɗauko addar ka ƙara faɗinta. Yayanka ya fi ka kafaɗa."