Tsohon da Ya Daina Tsoron Kwamfuta

A ma'aikatar, Malam Kyauta ake ce masa, kuma ba don yana da buɗaɗɗen hannu ba. Shekara da shekaru ya addabi kowa da wa'azi ɗaya: gwamnati ta daina dogaro da manhajar kamfanoni, ta koma wadda kowa zai iya ɗauka kyauta, ya buɗe cikinta, ya gyara. Ko gaisuwa ka yi masa sai ya saƙa maganar a ciki. Mutane har canza hanya suke yi in sun hango furfurarsa a baranda.

A gida ma haka. Da ya dawo aiki sai ya shige ƙuryar ɗaki ya dasa ƙwas-ƙwas a kwamfuta, yana fassara manhajar, yana rubuta littafin koyarwa. Ya saka shi a intanet da sunan bogi, kamar yadda 'yan harkar suke yi, ya ce kowa ya ɗauka, ba sai an ambace shi ba. Matarsa ta yi mita har ta gaji. Yara sun girma suna ganin ƙeyarsa fiye da fuskarsa.

"Ki yi haƙuri, uwar yara," yakan ce. "Akwai ranar da za ki gani da idonki."

Sai ga ranar ta zo. Gwamnati ta karɓi tsarin, aka shirya taron ƙaddamarwa, Darakta da kansa ya kira shi ofis ya ce za a fito da shi gaban Minista. Darakta, wanda ya taɓa cewa kayan kyauta na matsiyata ne! Malam Kyauta ya yafe masa nan take. Ya sa aka goge masa babbar riga, ya ce da matarsa ta shirya, yau za ta san abin da ya cinye mata miji.

Aka zaunar da ita a layi na uku. Wani ɗan kwangila mai ƙyallin takalmi ya hau ya yi bayani, majigi yana haska shafukan littafin koyarwa. Malam Kyauta ya gane su tun daga shafin farko. Har kuskurensa na shafi na tara yana nan, bango kawai aka sake, da tambarin kamfanin ɗan kwangilar. Bai ji haushi ba tukuna, ai shi ya ce a ɗauka. Jira yake a kira shi.

"Ranka ya daɗe," in ji Darakta, ya juya ga Minista, "canji ba ya zuwa da sauƙi. Muna da tsofaffin ma'aikata da suka ji tsoron wannan abu. Ga babbansu nan, mun sha fama da shi, amma yau zai nuna muku cewa ko tsoho yana koyo."

Aka tafa. Abokan aikinsa da suka san gaskiya su suka fi kowa tafi, wasu har da riƙe ciki. Sun daɗe suna neman ranar da za su rama wa'azin nan.

Malam Kyauta ya hau dandamali. Darakta ya dafa kafaɗarsa, ya kawar da baki daga lasifika ya raɗa masa: "Kai kaɗai ne mai furfurar da za ta yi kyau a hoto. Ka taimake ni, ritayarka ta kusa, a rabu lafiya."

Ɗan kwangilar ya kama hannunsa ya ɗora a kan linzamin kwamfuta. "Baba, a hankali. Danna nan. A'a, sau biyu. Yawwa! Ku tafa wa Baba!"

Ya danna. Shafin da ya buɗe, shi ya fassara kowace kalma da ke cikinsa.

"Faɗa musu yadda ka ji da farko," in ji Darakta, ya miƙo masa lasifika.

Ya dubi Minista, ya dubi masu ɗaukar hoto. Ya so ya yi magana, wallahi ya so. Amma wa zai yarda da tsohon da yanzun nan aka riƙe wa hannu?

"Na ji tsoro," ya ce.

Aka ba shi takardar shaidar kammala matakin farko, aka ɗauki hoto.

Ya shiga mota da matarsa, suka kama hanyar gida har suka wuce shataletale. Yana ta tattaro kalmomin da zai yi mata bayani, sai ya ji hannunta a kan gwiwarsa, abin da ta daɗe ba ta yi ba. Ya waiwaya, ya ga idonta ya ciko, ba fushi a ciki ko kaɗan, sai tausayi zalla.

"Baban yara," ta ce, "ashe duk shekarun nan koyo kake ta yi, abin ya ƙi shiga? Da ka faɗa min, ai da ban dame ka ba."