Firjin Aro

Auta ta fito daga wanka ta tarar ana kiciniyar tura firji cikin ɗakinsu. Goggo, yayar babanta da ta riƙe ta tun tana ƙarama, ita ke ba da umarni, ta ci ɗamara da ɗankwali.

"Goggo, na waye wannan?"

"Na matar tela. Kujerun na mai gidan haya ne. Talabijin ɗin ba ya yi, amma wa zai kunna? Matsa ki ba mutane hanya."

Jaririn Auta bakwaini ne, uban kuma ya tafi neman aiki, wata biyar ko waya. Abin da ya riƙe yaron shi ne Sista, nas ɗin da asibiti ke turo wa masu haihuwar fari marasa hali. Duk Talata sai ta zo, ta kifa bokiti ta zauna, ta auna shi, ta duba Auta, ta ajiye gwangwanin madara. A makon jiya ta ce shugabarsu za ta biyo ta, don za a rage gidaje, a bar waɗanda suka fi buƙata.

Goggo kuwa abu ɗaya kunnenta ya kama: babbar baƙuwa na tafe. Ita da ranta, a ce baƙuwa ta zauna kan bokiti? Sai dai bayan ranta.

Da hantsi suka iso. Sista ta yi turus a bakin ƙofa, har ta waiga ko gida ta ɓata. Madam kuwa, shugabar tata, ta nutse cikin kujera, ta zaro takarda da biro.

"Firji, akwai. Talabijin, akwai. Kujeru, saiti guda."

"Rufin asiri dai, ranki ya daɗe," in ji Goggo, bakin nan har kunne.

Sista ta ɗora yaron a sikeli, ta ɗaga murya yadda kowa zai ji. "Har yanzu da saura, Madam. Auta, ina bokitina? Ni na saba da shi."

Auta ta gane hanya ake ba ta. Kalma huɗu ce kawai: duk na aro ne. Ta buɗe baki, sai idonta ya faɗa kan Goggo, tsohuwar da ta sayar da zanenta biyu ranar haihuwar nan, yau tana zaune a kujerar mutane kamar da ita aka haife ta. Tausayi ya kama ta, da haushi, da tsoro. Ta haɗiye maganar.

"Yana waje, Sista."

Madam ta nemi ruwan sanyi. Auta a ranta har addu'a take asirin ya tonu, don ɗakin ko wayar lantarki babu.

"Ai tun jiya suka ɗauke wuta," in ji Goggo, ko gezau.

"Haka muke fama mu ma," in ji Madam. Ta ja layi a takardar, ta yaba tsaftar ɗakin, ta ce da kowane gida haka yake da sun huta. Sista ta daɗe tana naɗe sikelinta, ba ta kalli kowa ba. Da za ta fita ta ajiye gwangwani biyu maimakon ɗaya.

Kafin la'asar masu kaya sun kwashe abinsu, ɗaki ya koma tabarma da katifa. Goggo ta miƙe ƙafa tana fifita, ranta fes.

"To, mun fita kunya. Talata mai zuwa Sista sai ta yi haƙuri da bokitinta, ita ai ta gida ce."

Auta ta jera gwangwanayen a kan taga, ta gyara wa yaron hula.

"Ba za ta dawo ba, Goggo," ta ce. "Mun yi arziki."