Kwana Goma Sha Huɗu a Ɗakin Famfo

Ishaq bai taɓa zaton abin da bai fi farce girma ba zai ɗaure shi. Ƙumba ce, 'yan halittun ruwan nan masu ɓawo biyu, suka cushe bututun da ke janyo ruwan Nilu zuwa masana'antar ƙanƙarar da yake aiki a kudancin unguwar Ma'adi.

"Kada ka antaya musu maganin kulorin ka ce ka huta," in ji Injiniya Jamal, maigidansa. "Da sun ji shi sai su rufe baki gam. Kaɗan-kaɗan za a ba su, kwana goma sha huɗu ba yankewa, har su gaji su buɗe. In maganin ya tsaya suka sarara, khalas, shi ke nan, sai daga farko."

Injin ɗiga maganin kuwa tsoho ne mai taurin kai. Yakan cije, kuma hannun Ishaq kaɗai yake ji. Dole ya shimfiɗa tabarma a gindinsa, a ɗakin da ba taga, wari yana cin idonsa.

Matsalar ita ce, rana ta goma sha biyu aka ba shi ya je sabunta takardar zama. Wata bakwai yana jiranta. Tun da tasa ta ƙare, ko hular ɗan sanda ya hango a tashar jirgin metro sai ya sauya hanya.

"Ma'alish, ya Ishaq," Jamal ya ba shi haƙuri. "Ba ni da wani da zai tsaya maka."

Ranar na zuwa ya shafa wa injin mai, ya lallashe shi kamar jaki, ya fice. Ya sha layi har la'asar. Saura mutum huɗu aka ce na'ura ta ɗauke, wani ya rubuta masa sabuwar rana a bayan takardarsa: nan da kwana goma.

Da ya dawo, tun daga ƙofa shirun ya gaya masa injin ya cije. A akwatin gwajin da ke gefen bututu, ga ƙumba nan sun wangale baki, suna zuƙar ruwa hankali kwance. Bai taɓa jin haushin wata halitta haka ba, har da ɗan hassada.

Jamal bai yi faɗa ba. Ya goge allon bangon da suke ƙirga kwanakin, ya rubuta ɗaya.

Ishaq ya ƙirga da yatsu, ya sake ƙirgawa, ranar tasa ba ta fita daga cikin sha huɗun ba. Ya cusa takardar ƙarƙashin tabarma, ya tayar da injin.