Iskar Hawa na Biyar

Shekara goma sha tara ina goge benen nan, ba a taɓa kirana ƙazama ba sai da mutanen hawa na biyar suka fara tari. Sakatariya ido ja wur, har masinja mai cika bakin bai san hanyar asibiti ba sai da ya kwanta. Manaja ya ɗora mana laifi. Wai idan ta tabbata daga shara ne, ni da mata huɗun da ke ƙarƙashina mu nemi wani aikin.

Ya ɗauko kamfanin awon iska, suka turo ma'aikaciyarsu. Wa zan gani? Autata, cikin farar riga da safar hannu! Na san a kamfanin take aiki, amma ban taɓa ganinta a bakin aikin ba.

Ta bi ɗakuna tana ajiye ƙananan faranti a buɗe.

Na ce, "Ke Auta, iska za ki kama a faranti?"

Ta yi dariya. "Umma, ƙwayoyin cutar da ke yawo cikinta ne za su sauka, su tsiro, mu gan su."

Bayan kwana huɗu ta dawo da farantan. Farantin ɗakin injin sanyaya iska ya yi funfuna baƙi ƙirin. A can muke shanya jiƙaƙƙun tsummokaran goge-goge, don injin yana zuƙar iska, suna saurin bushewa. Ni na ƙirƙiro dabarar, har ina taƙama da ita.

Na ja ta gefe. "Rufa mini asiri, 'yar nan."

"Umma, sakatariya ciki gare ta. Abin da take shaƙa ke nan kullum."

Haushi ya turnuƙe ni, wallahi kamar in mare ta.

A gaban manaja ta faɗi komai: injin na kwasar funfunar yana rarrabawa ofis-ofis. Ya daka tsawa, wa ya shanya tsummokaran?

Na ce, "Ni ce, yallaɓai."

Auta ko gezau. "Mahaifiyata ce. Ba ta sani ba, babu kuma wanda ya taɓa ba su wurin shanya. Ga matatar injinku, shekara biyu ba a canja ba, da an canja ta, da ta tare rabin wannan. Duk na rubuta. In kun kore su kun bar ta, tarin na nan."

Bawan Allah ya dubi matatar. Ba a kori kowa ba. Aka canja matatar, aka ɗaura mana igiya a saman bene, cikin rana.

Kwana biyu ba na amsa gaisuwarta. Amma duk wanda ya tambaye ni wace ce yarinyar mai faranti, sai in ajiye bokiti in gyara tsayuwa. Ni na goye ta, kuma ko don uwarta ba ta yi ƙarya ba.