Rigar da Kofur Ɗantani Ya Cire

Shekarar da sojoji suka koma bariki, kowa a Sheshe yana murnar mulki ya dawo hannun farar hula, ban da Mikail baduku. Tun da aka kama shi a layin fetur aka tsare shi wata da watanni ba tare da an gaya masa laifinsa ba, bai sake zama daidai ba. Ko maigadin banki ya gani da kaki, sai jikinsa ya hau ɓari.

Wata Talata da hantsi ciwon ya tashi. Ya zauna a ƙofar ɗakin mahaifiyarsa, 'Yardada, da wuƙar yankan fata a hannu, ya ce babu mai shiga babu mai fita, wai an zo tafiya da ita. Tsohuwar tana ciki. Maƙwabtan da suka daɗe suna kiransa mahaukaci a bayan idonsa, ba tare da ɗayansu ya taɓa raka shi asibiti ba, su ne suka fara garzayawa caji ofis.

Mota ba ta shiga lungun. 'Yan sanda suka ajiye tasu a bakin titi, Sufeto ya yi zamansa a ciki, ya tura Kofur Ɗantani. Mai unguwa ne kaɗai ya yi hankali, ya aika unguwar Gwammaja aka ɗauko Malama Luba, nas ce a asibitin masu taɓin hankali.

A zaure ta tare Kofur. Ta ce masa abu ɗaya take nema, yau Mikail ya kwana a gadon asibiti, ba a bayan kantar 'yan sanda ba. Ita kaɗai ba za ta iya fitar da shi ba, tana buƙatar namiji mai ƙarfi da kuma motarsu. Amma idan Mikail ya ga wannan rigar ta 'yan sanda, ko ya soki wani ko ya soki kansa. Ta roƙe shi ya cire. Kofur ya ce wannan kaɗai ya isa a kore shi daga aiki. Amma da ya ji tarin tsohuwar daga ciki, sai ya cire rigar da hular da takalman, ya saka wata jamfa da mai unguwa ya ara masa.

Suka yi sallama suka zauna a ƙasa, nesa da wuƙar. Luba ba ta yi wa Mikail ƙarya ba. Ta gaya masa wannan ɗan sanda ne, amma saboda shi ya tuɓe kayansa. Ta tambaye shi yaushe rabonsa da barci, yaushe rabon Inna da abinci. An kira azahar suna nan zaune. Can Mikail ya dubi Kofur.

"Za a sa min ankwa?"

"Ba za a sa maka ba, Malam Mikail. Na yi maka alkawari."

"Ni ma na yi," in ji Luba.

Ya miƙa wa mahaifiyarsa wuƙar ta ƙarƙashin labule, ya tashi. Suka sa shi a tsakiya suka bi lungun, mutane sun cika katangu suna kallo kamar an zo da masu wasan kura.

A bakin titi sabon kansila ya iso da jama'arsa, yana tsaye kusa da motar. Sufeto ya ga kofur ɗinsa cikin jamfar aro, ya ga wanda aka kawo ƙararsa da hannuwa a sake, a gaban manyan mutane. Ya sauko da cikakken kaki, ankwa tana lilo a hannunsa.

Luba ta sha gabansa. "Ranka ya daɗe, mara lafiya ne, kuma da ƙafarsa ya fito. Mun yi masa alkawari."

"Malama, asibiti naki ne, titi nawa ne. Matsa."

Kofur ya buɗe baki, aka ce ya yi shiru. Ƙarfen yana taɓa wuyan hannun Mikail ya fizge, gwiwar hannunsa ta fasa wa Sufeto leɓe. Shi ke nan, mara lafiya ya zama mai dukan hukuma. 'Yan sanda suka rufe shi da kulki, suka jefa shi a mota. Kansila ya kawar da kai. Masu kallo suka ce dama ai sun faɗa.

Ba a kai shi asibiti ba. Daga caji ofis sai kotu, daga kotu sai gidan yari, jiran shari'a. An hukunta Kofur Ɗantani kan tuɓe kayan aiki, aka mayar da shi wani ƙauye. Sufeto kuwa babu wanda ya tambaye shi komai, don a wurinmu wanda ya ƙi sauraro ba shi da laifi muddin rigarsa tana jikinsa.

Luba ta yi ta zirga-zirga har aka yarda ta kai wa Mikail magani. Da gandiroba ya fito da shi ya gan ta, sai ya juya fuskarsa ga bango. Ya ƙi karɓar maganin. Ya ce a gaya wa matar nan kada ta sake zuwa, ita ce ta yaudare shi ya fito.