Taliyar Awa Ashirin da Bakwai

Tikitin da 'yata Shulan ta turo mini a waya ya ce za ta tashi daga Vancouver ran Talata ƙarfe ɗaya na rana, ta sauka Beijing ran Laraba ƙarfe huɗu na yamma. Na ƙirga da yatsu: awa ashirin da bakwai a sama, ga jaririya a hannu! Hankalina ya tashi. Me za ta ci, ita da take shayarwa?

"Tsoho, ko bas ba ka taɓa tuƙawa ba, bar wa matuƙin jirgi aikinsa," in ji matata Guifen.

A al'adarmu, wanda ya dawo daga tafiya, da taliya ake tarbarsa don ta ɗaure masa ƙafa ya daɗe a gida. Na murza taliyar mutum shida.

Da Shulan ta shigo ta ga tukunyar, dariya ta kusa kayar da ita.

"Baba, awa sha biyu ce! Sauran bambancin agogo ne. Sau biyu aka ciyar da mu."

Duk da haka ta cinye kwano biyu, jikata tana barci a ƙirjina.

"Wannan taliya," in ji ta, "ai sai ta ɗaure ni har sabuwar shekara."

Na ƙara mata kwano na uku.