Kukan da Ban Rubuta Ba

A watan Maris na 1789 umarni ya iso ƙauyenmu Aubrecourt daga fadar sarki, cewa kowane ƙauye ya rubuta kukansa a kai wa wakilan da za su je taron ƙasa. Baitulmali ya bushe, burodi ya yi tsada har mata suna cakuɗa gari da dusa, shi ne aka tuna da mu.

Ni Mathurin aka miƙa wa alƙalami, don in ka cire limamin coci, ni kaɗai na iya rubutu. Mai shugabantar taro kuwa, bisa al'ada, wakilin basaraken da ya mallaki ƙasar ƙauyenmu ne, Cressonnier. Gidan da nake ciki da matata da 'ya'ya uku, shi ya ba ni zama.

Bayan addu'ar Lahadi aka taru a bakin coci. Wannan ya kawo harajin gishiri, wancan aikin hanya na tilas. Blaise maƙeri ya ce a rubuta a sa wa tumbin mai karɓar haraji nasa harajin, tunda ya fi gonarsa girma. Aka yi dariya, ina ta rubutu.

Sai Inna Perrine ta miƙe. Yayar mahaifiyata ce, ita ta rene ni, mijinta ya rasu ya bar mata gona a gindin hasumiyar tantabarun basarake. Sau uku ta shuka alkama bara, sau uku tantabaru suka tsince. Wanda ya kashe ko guda ɗaya kuma, sai gaban alƙalin basarake.

“Rubuta, ɗana,” ta ce. “A kulle su lokacin shuka. Ban ce a yanka ba.”

Cressonnier bai musa ba. Ya dai sunkuyo, ya tambaye ni a hankali ko rufin gidan nan yana yoyo.

Hannuna ya ci gaba da tafiya kan takarda, amma addu'ar tsawon rai ga sarki na rubuta. Da aka ce in karanta kowa ya ji kafin sa hannu, na ɗaga murya na karanta maganar tantabaru tiryan-tiryan, kamar tana nan. Inna ta karɓi alƙalami ta zana alamarta, tana murmushi.

Wata huɗu tana jiran amsa. Duk mai sayar da kaya da ya biyo daga birni sai ta tare shi ta tambaya ko sarki ya kai ga takardar Aubrecourt.

A watan Yuli labari ya zo cewa mutanen Paris sun fasa babban kurkukun sarki. Kafin mako biyu ƙauyukan kewaye sun fara ƙone takardun harajin sarakunan yankinsu. Ranar Laraba da hantsi namu suka tashi da lauje da gatari, suka nufi hasumiya. Cressonnier ya tsere tun asuba. Na bi su a baya.

A bakin ƙofar hasumiyar muka tarar da Inna, ta baza hannuwa. Ta ce ba wanda zai taɓa ƙofar nan. Kukanmu yana hannun sarki, in muka fasa za a ce ɓarayi ne mu, a yar da takardar. Blaise ya ce, tsohuwa, kina kare ɓarayin alkamarki? Ta ce da shi ya rufe mata baki, tun yana tsirara take ganinsa. Wani daga baya ya ɗaga sanda yana cewa a ture ta. Ta kafe, ba ta ko ƙifta ido ba.

“Ga Mathurin nan,” ta ce. “Faɗa musu, ɗana. Ba ka rubuta ba?”

Duk suka juyo. Da na ce e, ba za ta matsa ba, sandan nan kuma ya riga ya yi sama.

“Ban rubuta ba, Inna.”

Ta ce ai da kunnenta ta ji na karanta. Na ce da ka na karanta, ba daga takarda ba. Na faɗi maganar rufin gida a gaban mutanen da suka sa hannu don sun yarda da ni. Blaise ya tofa yawu kusa da takalmina. Na so a ce dukana suka yi.

Inna ta sauke hannuwa, ta matsa gefe.

“Da ka ce tsoro kake ji, da na gane,” ta ce. “Ni ma ina ji.”

Saran gatari uku ƙofar ta faɗi. Ran nan ƙauye ya ci naman tantabara, hayaƙi ta kowane gida ban da nawa.

Ba ta zage ni ba, har yau tana amsa gaisuwata. Amma ɗanta soja ne a garin Metz mai nisa, kuma duk sanda wasiƙarsa ta zo, sai ta ɗaura gyale ta wuce ta ƙofar gidana, ta yi tafiyar awa biyu zuwa ƙauyen gaba a karanta mata.